Sadaka Ce Ko Haƙƙi? Tsokaci Kan Ƙungiyoyin Da Ke Kai Wa Jama'a Kwamfuta

'Yan'uwa marubuta da masu sha'awar rubutu, abin da ya haifi wannan maƙala wata gardama ce da ta kaure a ɗakin malamai na makarantar sakandaren da muke koyarwa, gardamar da har yau ba ta mutu ba, sai dai ta kwanta ta sake tashi. Asalinta kuwa shi ne, shekarun baya wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda ba sai mun kama sunanta ba, ta kawo wa makarantarmu gudummawar kwamfutoci guda 20, da sharaɗin ɗalibai su koya da safe, matasan unguwa su koya da yamma. Ranar da aka kawo su an yi shagali. An kafa rumfa, an yi hayar kujeru, mai unguwa ya zo da jama'arsa, an yi jawabai, an ɗauki hotunan yara kowanne da hannunsa a kan na'ura yana murmushi. Ba a rufa wata 2 ba man janareta ya cinye ɗan abin da aka ware, malamin da aka ba horon kwana 3 aka yi masa canjin wurin aiki, sai aka samo kwaɗo aka garƙame ɗakin. Masu kyauta kuwa tun ranar biki ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

Wata rana ana hira sai wani matashin malami mai koyar da lissafi ya ce ai waɗannan mutane sun cuce mu. Wani dattijo cikinmu, wanda dukkanmu muke kira Baba Malam, ya ajiye jaridarsa ya ce, “Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Mutum ya taso daga nesa ya ba ka abin da ba ka roƙa ba, ba ka biya ko kwabo ba, sannan ka ce ya cuce ka? Ai ba a raina kyauta.” Matashin ya ce, “Allah ya ja da ranka Baba, in kyauta ce na yi shiru. Amma ni a ganina haƙƙin yaran nan ne aka kawo musu rabinsa.” To, tun daga ranar muke juya waɗannan kalmomi biyu, sadaka da haƙƙi, domin mun lura duk abin da mutum zai faɗa game da irin waɗannan shirye-shirye yana rataye ne a kan wadda ya zaɓa cikinsu.

Bari mu fara da bambancin da ke tsakaninsu kamar yadda kowane Bahaushe ya san shi. Mai sadaka shi ke zaɓar lokacin da zai bayar, da yawan abin da zai bayar, da wanda zai bai wa. In ya ba ka rabin ƙwarya, ba ka da bakin tambayar ina sauran rabin, naka godiya ce kawai. Haƙƙi kuwa ba haka yake ba. Ma'auninsa yana hannun mai shi, kuma ba ya sauka daga wuyan wanda ake bi har sai ya isa cikakke. Wanda kake bi buhun gero, in ya kawo maka tiya 10 tare da mai ɗaukar hoto, ba wanda zai ce maka butulu don ka tambayi ragowar.

Akwai lokacin da maganar Baba Malam gaskiya ce tsantsa. Mu da muka yi ƙuruciya kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 mun san zamanin da kwamfuta abin ƙawa ce, sai a banki ko a babban ofis ko a jami'a. Wanda bai iya ta ba bai rasa komai ba. Zai rubuta jarrabawarsa da fensir, ya cika fom da biro, ya sayar da awakinsa ya ƙulle kuɗinsa a lalita. A wancan lokaci duk wanda ya koya wa ɗan talaka kwamfuta ƙari ya yi masa, kamar wanda ya koya masa tuƙin mota.

Amma mai karatu ya dubi abin da ya faru daga baya. A 2014 aka ɓullo da lambar BVN ga masu ajiya a banki. A 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta koma kwamfuta ɗungurungum. A watan Disambar 2020 aka ba da umarnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN ko a rufe layin, kuma daga 2021 ba a yi wa yaro rajistar JAMB sai da wannan lamba. Sannan ga abin da ba wanda zai manta, wato canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Banki ya sanar a watan Oktoban 2022, wanda ya jawo ƙarancin kuɗi a farkon 2023, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. A waɗannan makonni mun ga tsofaffi a kasuwannin ƙauye riƙe da kaji da hatsi, ga mai saye, amma ba halin ciniki, domin mai saye kuɗinsa na cikin waya, mai sayarwa kuwa ba shi da asusu. Wasu suka karyar da kayansu ga duk wanda ke da tsabar kuɗi a hannu. Kowane ɗaya cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa, wasu ma dalilai ne masu kyau, kamar rage satar jarrabawa da damfara. Abin da muke son a lura da shi kawai shi ne, a kowane mataki an toshe wata tsohuwar hanya da talaka ya saba bi.

Mu malamai a zauren jarrabawa muka fi ganin abin. Tambaya 180 ce a cikin awa 2, ga agogo a kan allon na'ura yana ƙirga lokaci. Mun taɓa raka wani ɗalibinmu, yaro mai ƙoƙari wanda tun daga aji 1 ba ya wuce na 3, wanda ranar jarrabawar ce ranarsa ta farko da ya zauna gaban kwamfuta mai aiki, alhali kuwa shekara 3 yana wucewa ta ƙofar wancan ɗaki mai kwaɗo. Da ya fito muka tambaye shi yaya, sai ya ce, “Malam, na san amsoshin, hannuna ne yake rawa. Ina tsoron in danna wani abu in goge komai.” Gaskiya ne hukumar ta sauƙaƙa abin, ta yadda da 'yan maɓallai 8 yaro zai iya gamawa ba tare da ya taɓa linzami ba. Amma tsoro ba ya fita da sanarwa, sai da sabo. Yaron da ya tashi yana wasa da kwamfutar babansa da wannan yaro namu takarda ɗaya aka ba su, amma ba jarrabawa ɗaya suka yi ba.

Daga nan ne muke ganin matashin malamin nan ya fi kusa da gaskiya. Wanda ya toshe tsohuwar hanya, a wuyansa fitar da sabuwa take. Tun da al'umma, ta hannun hukumominta, ta yanke cewa ba karatu, ba ajiya, ba magana a waya sai ta wannan ƙofa, to koya wa mutum shiga ƙofar ya tashi daga alfarma ya koma bashi. Ita kanta gwamnati ta amsa wannan bashi a rubuce, domin dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, wanda ake kira USPF, don kai sadarwa wuraren da 'yan kasuwa ba sa ganin riba.

Sai dai a nan Baba Malam yana da amsa, kuma amsa ce mai nauyi. Ya ce, “To na ji, bashi ne. Amma wa ake bi? Ƙungiyar da ta kawo muku kwamfuta ita ta soke jarrabawar fensir? Ita ta canja kuɗi? Ku je ku kama wanda ya ci bashin, ku ƙyale wanda ya zo taimako.” Haƙiƙa ba mu da yadda za mu ture wannan. Zalunci ne a ɗora wa ɗan sa-kai laifin hukuma, kuma mun san halinmu, mun fi zafi a kan wanda ya matso kusa, domin shi hannunmu ke iya kaiwa. Akwai kuma ƙungiyoyin da suka yi aikin da ya kamata a yaba. Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan, wadda aka kafa a 1996, ta fara ne da bai wa matan karkara ƙananan rance, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta, har ta kafa hanyar intanet marar waya mai suna ZittNet a yankin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Cibiyar CITAD ta Kano, ƙarƙashin Malam Y. Z. Ya'u, ta daɗe tana horar da matasa da mata, tana kuma fafutukar a bai wa ƙauyuka damar kafa hanyoyin sadarwa na kansu. Ƙungiyar Paradigm Initiative ta faro daga unguwar Ajegunle ta Legas tana koya wa 'ya'yan talakawa kwamfuta da sana'a. Duk wanda ya ce irin waɗannan cuta suka yi, bai yi adalci ba.

To in ba su ake bi ba, ke nan abin da suka kawo sadaka ce, ba mai tambayarsu? A nan muka daɗe a tsaye, har wata malama mai koyar da Hausa ta jefo tambayar da ta warware mana wani ƙulli. Ta ce, “Wai ni kuɗin da suka sayi kwamfutocin nan, daga aljihunsu ya fito?” Kowa ya yi shiru. Mafi yawan irin waɗannan ƙungiyoyi takarda suke rubutawa zuwa ga masu ba da tallafi, na gida ko na ƙetare, su bayyana halin da yaran wuri kaza ke ciki, su nemi a ba su kuɗi don su gyara. Wato da sunan yaranmu aka karɓo, da talaucin unguwarmu aka kafa hujja, da hotunan ranar biki aka rufe lissafi. Abin da aka karɓo da sunanka kuwa, a hannun wanda ya karɓo ba sadaka ba ne, amana ce. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan kalma ta amana ita ta nuna mana inda ciwon yake. Mai riƙon amana ya kamata fuskarsa tana kallon mai amanar. Amma tsarin tallafi ya juya fuskar ƙungiyoyi sama, wajen mai ba da kuɗi. Shi ake rubuta wa rahoto, shi ake tsoron ɓata wa rai, kuma shi abin da ya fi sauƙin nuna masa shi ne abin da ake ƙirgawa: kwamfuta nawa aka raba, mutum nawa suka halarci horo, satifiket nawa aka miƙa. Ba a cika samun gurbi a rahoto na tambayar ko na'urar tana aiki bayan shekara 2 ba, domin kafin lokacin shirin ya ƙare, ma'aikatan sun koma wani aikin. Sayen na'ura yana da ranar biki, amma sayen mai da gyaran batir da albashin mai koyarwa ba su da hoto. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Kada a zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta ta dala 100, duniya ta ɗauka. Har nan Nijeriya an gwada shi a 2007 a wata makarantar firamare da ke Galadima kusa da Abuja. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwan na'urori. Da masana na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bincika makarantun karkara, sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma a lissafi da harshe ba a ga wani ci-gaba ba. Mu malamai wannan bai ba mu mamaki ba. Ba mu taɓa ganin allo da alli sun koyar da aji su kaɗai ba.

Yanzu kuma bari mu juyo da yatsa gida, domin ba daidai ba ne mu yi ta auna amanar wasu mu manta da tamu. Wa ya sa wa ɗakin nan kwaɗo? Ba ƙungiyar ba ce, mu ne. An rufe shi ne don tsoron kada wani abu ya ɓace ko ya lalace a zo bincike a tuhumi wani. Sai ya zama mun fi tsoron a ce linzami ɗaya ya ɓata a kan a ce yara 300 sun gama makaranta ba su taɓa shi ba. Ƙura da zafi da ɓeraye suka yi wa na'urorin abin da muke tsoron yara su yi musu. Ga shi kuma a unguwar da ake haɗa kuɗi cikin dare ɗaya in taransifoma ta ƙone, ba wanda ya taɓa kiran taro don man janaretan ɗakin kwamfuta. Dalili kuwa, mun ɗauki abin na masu kyauta ne, muna jiran su dawo su gyara kayansu. Wannan ita ce ɓarnar da kallon abu a matsayin sadaka take yi wa mai karɓa: tana cire masa baki, tana kuma cire masa hannu.

A wani ƙauye mai suna Mankosi a Afirka ta Kudu, mutanen gari, tare da taimakon masana daga wata jami'a, sun kafa hanyar sadarwa mai aiki da hasken rana, suka sa mata suna Zenzeleni, wato ku yi wa kanku a harshen Xhosa. Ƙungiyar gama-kai ta mutanen garin ce ke da ita, su ke yanke farashi. Mu da muka gaji aikin gayya da adashi ba mu da hujjar cewa irin wannan baƙon abu ne a gare mu.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa a ranar biki ba. Wanda ka buɗe wa ƙofa, ka buɗe masa ita ce da duk abin da ke bayanta. Tsohuwar da aka buɗe wa asusu jiya, ita ce gobe wani zai kira ya ce daga banki yake, ta karanto masa lambobinta. Saurayin da ya iya sauke manhaja, shi ne zai faɗa hannun masu ba da rancen waya da 'yan caca. Saboda haka idan wani uba ya ce 'yarsa ba za ta je ajin yamma ba, kada mu yi saurin kiransa jahili. Sau da yawa tambayoyinsa masu ma'ana ne: wa zai koyar, ƙarfe nawa za a tashi, da wa za ta dawo, me za ta gani a ciki? Ƙungiyar da ta sa aji bayan la'asar har zuwa magariba, da malami namiji shi kaɗai, sannan ta rubuta a rahoto cewa al'ada ce ta hana mata zuwa, ta faɗi rabin gaskiya ne. Duk da haka ba ma tare da uban da ya mai da tsoronsa katanga, domin ita ma yarinyar jarrabawar nan tana jiranta, kuma ranar ba zai shiga zauren ya danna mata ba.

Sai mu zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye a wannan ƙungiya tamu. A ce an gyara ɗakin, an samu wuta, yaro ya iya, uwa ta iya. To in sun shiga me za su tarar da harshensu? Magabatanmu da suka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 sun gane cewa koya wa babba haɗa baƙaƙe aikin banza ne in ba shi da abin karantawa, shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridu, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Yau na'urorin da aka kawo mana duk umarninsu da Turanci yake, kuma allon rubutunsu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, har yaranmu sun saba rubuta kafa a wurin ƙafa suna ganin daidai ne. An samu ci-gaba, ba mu musa ba. Google ya sa Hausa cikin harsunan fassararsa a 2013, Facebook ya bi baya a 2016, akwai kuma masu sa-kai da ke rubuta Wikipedia da Hausa. Amma wanda ya nemi bayani mai inganci da Hausa kan ciwon suga, ko takin zamani, ko yadda ake gane saƙon 'yan damfara, zai ga yadda rumbun yake da sauran wuri.

Abin sha'awa, waɗanda suka fi kowa cika wannan rumbu ba wanda ya kafa musu rumfa. Muna nufin matan da ke rubuta littattafai a WhatsApp da Wattpad, daga cikin ɗakunansu, da ƙaramar waya da ɗan kuɗin data, suna da masu karatu har Nijar da Gana da Sudan. Wasu cikinmu suna yi musu kallon da aka yi wa adabin kasuwar Kano a farkonsa, suna kukan rashin ƙa'idar rubutu, kuma kukan yana da tushe. Amma sun nuna abin da rahotanni ba su nuna ba, wato mace takan koyi na'ura da kanta in akwai abin da take so a ciki. Mu da muke da ƙa'idar, shafi nawa muka zuba?

Game da ɗakin namu, bara ne aka fasa kwaɗon, domin mabuɗin ma ya ɓata. Cikin kwamfutoci 20 guda 7 suka tashi. Ƙungiyar iyaye da malamai ta amince kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya kawo ɗan abin da aka yanka don sayen mai, wanda ba shi da hali a ɗauke masa, kuma wani tsohon ɗalibinmu mai shagon gyaran waya yana zuwa ranar Asabar ya koyar, 'yan mata da safe tare da malamar Hausa, maza bayan azahar. Mun rubuta wa ƙungiyar da ta kawo kayan takarda, muka yi godiya kamar yadda Baba Malam ya nace, muka kuma nemi su gaya mana nawa aka karɓo da sunan makarantarmu da yadda aka kashe shi, kamar yadda matashin malamin ya nace. Su biyun duka sun sa hannu. Wata 8 ke nan ba amsa, kuma linzami 2 sun riga sun lalace a hannun yara.